A ajin Seconde ake cin Bak, a nan kuma ake faɗuwa

Damina ta ja baya, an fara yankan hatsi a karkara, a birane kuma teloli ba sa barci saboda ɗinkin kayan ƴan lakwal. Cikin dubban yaran da za su koma aji akwai wani rukuni da ya cancanci a dube shi daban, wato waɗanda suka ci jarrabawar BEPC, za su taka ƙofar lise karo na farko. Wasu za su nufi Ɗan Baskore a Maraɗi, wasu Amadu Kuran Daga a Damagaram, wasu Agabba a Tawa, wasu Isa Korombe ko Kasai a Yamai, da yawa kuma za su zauna a makarantun CES na garuruwansu, inda kwaleji da lise suke cikin shinge ɗaya. A gidajensu an yi murna, an yi guɗa, an raba goro. Uba ya sayi kaye da bik da yadin ɗinki, ya sauke ajiyar zuciya, yana ganin ya fita haƙƙi, sai kuma bayan shekara uku idan Bak ta zo.

Wannan ajiyar zuciyar ce abin tsoro. Ajin Seconde ba shi da jarrabawar ƙasa a ƙarshensa, don haka yaro da uwayensa sukan ɗauke shi shekarar hutu tsakanin wahala biyu. Alhali kuwa duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a ajin Terminale ya san cewa yawancin waɗanda ke kuka ranar da aka karanta sakamakon Bak ba a watan Yuli suka faɗi ba. Sun faɗi tun shekara biyu da rabi kafin nan, cikin watannin farko na Seconde, ba tare da kowa ya lura ba. A shekarar 2021 waɗanda suka ci Bak a Nijar ba su kai ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba. Irin wannan sakamako ba ya faɗowa daga sama, ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya canza tsakanin kwaleji da lise

Yaron da ya shiga Seconde ya riga ya yi shekara goma a kan benci, shida a firamare daga CI zuwa CM2, huɗu a kwaleji daga Sixième zuwa Troisième. Cikin waɗannan shekaru ya saba da hanya guda: malam ya rubuta a allo, yaro ya kwafe, ya haddace, ranar gwaji ya mayar da abin da aka ba shi. Mai kaifin hadda yana iya kaiwa BEPC da wannan hanya, har ma a yaba masa. A lise kuwa hadda kaɗai ba ta kai mutum ko'ina. Malam yana bayani yana tafiya, ɗalibi ne zai tsinci abin da ya kamata ya rubuta. A darasin Faransanci an bar shifta da ɗan gajeren labari, an shiga taƙaita dogon rubutu, da sharhin nassi, da dissertation, inda ake ba yaro jimla ɗaya a ce ya kawo hujjojin da ke goyon bayanta da waɗanda ke rushe ta, sannan ya yanke hukunci da kansa. A lissafi ba a wadatuwa da amsa, sai an nuna hanyar da aka bi mataki mataki, da dalilin kowane mataki. A kimiyyar fizik da shimi alamomi da ma'auni suna ƙaruwa, kowane babi kuma yana zaune ne a kan wanda ya gabace shi.

A ƙarƙashin duk wannan akwai maganar harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma darussan lise da takardun Bak da Faransanci ake rubuta su, in ban da darussan wasu harsuna da kuma ɓangaren makarantun Faransanci da Larabci. Yaron da Faransancinsa bai nuna ba yakan faɗi lissafi ba don bai iya lissafi ba, sai don bai gane abin da tambaya take nema ba. Uba ya ga maki 5 a lissafi ya ɗauko mai koyar da lissafi a gida yana biya, alhali ciwon yana wani wuri. Maganinsa karatu ne, littafi bayan littafi, ko da jarida ce irin wannan, shafukan Faransancinta a karanta su da ƙamus a gefe. Ɗalibin Seconde da ya shekara bai karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango ba, ya shiga Première da gurguwar ƙafa.

A ko C: ƙofar da ake zaɓa sau ɗaya

Hukuncin farko da ke jiran sabon ɗalibi shi ne ɓangaren da za a sa shi. Bayan BEPC hukumar rarraba ɗalibai tana duba makin yaro da shekarunsa, ta tura shi Seconde A, ɓangaren adabi da harsuna, ko Seconde C, ɓangaren kimiyya. A ajin Première ɓangaren C yana rabuwa biyu: C ga masu ƙarfi a lissafi da fizik, D ga waɗanda suka fi karkata ga kimiyyar halittu da ƙasa. Akwai kuma hanyar fasaha da sana'a, irin ta lise Ɗan Kasawa a Maraɗi ko Isa Beri a Yamai, wadda uwaye da yawa suke rainawa ba tare da sun san abin da ke cikinta ba.

Wannan harafi guda da aka rubuta gaban sunan yaro yana buɗe wasu ƙofofi, yana rufe wasu. Mai son karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni, ko aikin gona na zamani, ko shiga makarantar ma'adinai ta EMIG, sai da Bak ta kimiyya. Mai Bak A hanyarsa ta fi zuwa ga shari'a, da tarihi, da harsuna, da aikin jarida, da mulki. Sauka daga C zuwa A abu ne mai yiwuwa, ana yin sa kowace shekara. Hawa daga A zuwa C kuwa da wuya ƙwarai, domin lissafin da aka rasa a shekara ɗaya ba ya ramuwa cikin hutun damina.

Kuskure biyu ake yi a nan, kowanne da masu yin sa. Na farko na uban da ya rantse sai ɗansa ya zama likita, ya bi ofis ofis har aka mayar da yaro C, alhali makinsa na lissafi a Troisième bai taɓa kai 10 ba. Yaron zai yi shekara yana kallon allo kamar baƙo a kasuwar da bai san harshenta ba, ya maimaita aji, daga bisani ya koma A ɗin da aka hana shi, da asarar shekara da karyewar zuciya. Na biyu na yaron da yake da ƙwaƙwalwar kimiyya amma ya gudu zuwa A don abokansa suna can, ko don an ce masa can babu wahala. Wanda ya faɗa masa haka bai taɓa zama awa huɗu gaban takardar falsafa ba. Ɓangaren A yana neman mai karatu da yawa, mai iya rubutu, mai riƙe harshe na biyu bayan Ingilishi. Wanda ya shige shi don gudun aiki zai tarar da aikin yana jiransa a can. Abin da ya dace shi ne uba ya ɗauki takardun makin Quatrième da Troisième, ya zauna da malamin da ya koyar da yaron, ya ji gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Lissafin da kowane ɗan kasuwa zai gane

Dokar da ta fi kowace ƙarfi a lise ba a rubuta ta a bango ba, a takardar maki take. Kowane gwaji a kan 20 ake auna shi, kuma 10 ita ce iyaka tsakanin wucewa da zama. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da abin da ake kira coefficient, wato adadin da ake ninka makinsa da shi kafin a tara. Ɗan kasuwar da ke sayar da buhun shinkafa da kuma ƙullin gishiri ya san cewa ribar gishiri ba ta rufe faɗuwar shinkafa. Haka abin yake a nan.

Ga misali, da adadin da aka ɗauka don bayani kawai, tun da ainihin coefficient na kowane aji yana rubuce a takardar makin yaro. A ce ɗalibin ɓangaren kimiyya yana da darussa biyar. Ya sami 6 a lissafi mai nauyi 4, ya zama 24. Ya sami 7 a fizik da shimi mai nauyi 3, ya zama 21. Ya sami 12 a Faransanci mai nauyi 2, ya zama 24. Ya sami 14 a tarihi da labarin ƙasa mai nauyi 2, ya zama 28. Ya sami 17 a wasannin motsa jiki mai nauyi 1, ya zama 17. Jimla 114, a raba da 12, ya tashi da 9,5. Darussa uku cikin biyar ya haye 10, a gida yana nuna 14 da 17 ana sa masa albarka, amma bai wuce ba. Da zai ƙara maki uku a wasanni ya cika 20 cif, da 9,75 zai tashi, har yanzu yana ƙasa. Da kuwa zai ƙara maki biyu kacal a lissafi, daga 6 zuwa 8, jimla ta zama 122, ya haye 10. Wannan ɗan lissafi ya isa ya nuna wa yaro inda zai zuba ƙarfinsa da dare, ya kuma nuna wa uba layin da zai fara dubawa idan takarda ta zo.

Makin kowane darasi kuma ba rana ɗaya ake samunsa ba. Akwai ƙananan tambayoyin ba-zata da malam kan yi a farkon darasi, akwai gwajin da ake sa wa rana a zauna a yi ƙarƙashin sa ido, sannan akwai babbar jarrabawar ƙarshen zango, wato composition. Shekara zango biyu ce. Wanda ya yi wasa da zangon farko ya tashi da 7, sai ya nemi abin da ya fi 12 a na biyu kafin ya tsira, ga zafin Afrilu da Mayu, ga darussa sun yi nisa. Wanda bai zo ranar gwaji ba, kuma bai kawo hujja ba, sifili ake rubuta masa, sifili ɗaya kuwa a darasi mai nauyi yana iya cinye wahalar wata uku. A ƙarshen shekara majalisar malamai ce ke zama ta yanke: wannan ya wuce, wannan ya maimaita, wannan an sallame shi. Maimaita aji ba abu ne da ake yi ba iyaka a makarantar gwamnati, kuma kowace shekara da aka maimaita tana ƙara wa yaro shekaru, alhali hukumar ANAB mai raba kuɗin tallafin karatu tana duba maki da shekaru. A Bak ɗin kanta ma akwai daraja hawa hawa: 10 wucewa ce kawai, 12 da 14 da 16 su ne matakan yabo, su ne kuma ke bambanta wanda zai zaɓi makaranta da wanda zai karɓi abin da ya samu.

Dokokin cikin gida da dalilinsu

Kowace lise tana da takardar dokokinta, wadda ake karantawa ko a manna a farkon shekara, uwaye da yawa kuma ba su taɓa ganinta ba. Mutum uku ne ke riƙe da ita. Proviseur shi ne shugaban makaranta. Censeur shi ne mai kula da karatu, da jadawalin darussa, da gwaje-gwaje, da takardun maki. Surveillant shi ne mai tsaron ɗa'a, a wurinsa ake rubuta wanda ya makara da wanda bai zo ba, daga hannunsa kuma ake karɓar takardar izinin komawa aji. Uban da ya san ofishin waɗannan mutane biyu na ƙarshe ya san rabin abin da ɗansa ke ciki.

Abin da dokokin suka ƙunsa kusan ɗaya ne ko'ina: zuwa kan lokaci, sa kayan makaranta, kawo hujja idan an yi fashi, girmama malamai da ma'aikata, kiyaye benci da allo, nisantar faɗa da makami da ƙwaya, da barin wayar salula a kashe ko a gida. Satar amsa tana jawo sifili da gurfana gaban majalisar ladabtarwa, a jarrabawar ƙasa kuwa tana iya kai mutum ga hani na shekaru, har ma gaban alƙali. Akwai kuma makin ɗa'a, wanda ake zaftarewa da kowane laifi, yana kuma shiga lissafi kamar sauran darussa.

Saurayi ɗan shekara goma sha shida yana ganin waɗannan dokoki takura ce kawai. Amma idan aka dube su da kyau, yawancinsu abu ɗaya suke karewa, wato lokaci. Shekarar karatu a ƙasar nan gajeriya ce ko da komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe ko sun zama mafakar waɗanda ruwa ya kora. A wasu shekaru yajin aikin malaman kwantaragi kan albashin da ya makara ya cinye makonni. Babin da ba a yi a Seconde ba, malamin Première ba zai koma masa ba, shi ma yana tseren gama nasa, mai rubuta tambayoyin Bak kuma ba ya tambayar wace makaranta ce ta gama manhaja. Idan lokaci ya riga ya yi ƙaranci haka, yaron da ke ƙara masa da makarar minti ashirin kowace safiya da tsallake katanga bayan hutun tsakiyar safiya, kansa yake yi wa sata.

A nan dole a taɓo maganar yajin ɗalibai, domin sabon ɗan lise zai gamu da ita tun watan farko. Ƙungiyar USN tana da tarihi a ƙasar nan wanda ba mai iya shafewa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai, jininsu kuma yana cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Buƙatun ɗalibai na benci da malamai da tallafi sau da yawa gaskiya ne. Amma waɗanda suka yi lise a shekarun 1990 sun san ɗacin shekarar da aka soke, sun ga abokan da suka fita daga aji ba su sake komowa ba. Idan aka busa usur aka fitar da yara, ɗan mai hali yana da malamin gida ko makarantar kuɗi da za ta cike masa giɓi. Ɗan talaka da ya zo daga Mayahi ko Magarya ba shi da kowa. Ɗalibin da ya san ciwon kansa, ko an fita ko ba a fita ba, ba ya barin ranar ta wuce bai buɗe littafi ba.

Doka ba kan yaro kaɗai take ba

Ba adalci ba ne a jera wa ɗalibi abin da ake nema gare shi a yi shiru kan abin da yake bi bashi. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Yaron da aka ce ya zo ƙarfe takwas yana da haƙƙin ya tarar da malam a aji. Wanda aka yi wa gwaji yana da haƙƙin a gyara takardarsa a mayar masa da ita kafin gwaji na gaba, don ya ga inda ya ɓata. Ajin da yara suka yi cunkoso uku ko huɗu a benci ɗaya, ɗakin gwajin kimiyya da babu kayan aiki, ɗakin karatu da aka rufe da kwaɗo, duk suna cikin abin da ke kayar da yara, kuma ba yaran suka jawo su ba. Malamin da ke ɓoye rabin darasi sai an biya shi a karatun yamma, da wanda ke sayar da maki, da wanda ke neman ɗalibarsa da lalata, sun karya doka fiye da yaron da ya zo ba kayan makaranta. Wurin kai irin wannan ƙara shi ne ƙungiyar uwayen yara da kwamitin kula da makaranta, waɗanda sau da yawa ba a cika zuwa taronsu ba sai ranar da aka ce a kawo kuɗi.

Makarantun kuɗi ma suna da nasu. Akwai na ƙwarai a cikinsu, masu tsanani da sakamako mai kyau. Akwai kuma waɗanda ke kumbura maki don kada mai biya ya gudu, da waɗanda ke karɓar yaron da aka ce ya maimaita Seconde su sa shi Première ba tambaya. Uban da ya bi wannan hanya yana ganin ya ceci shekara ɗaya. Abin da ya saya shi ne jinkirin labari mara daɗi, domin ranar Bak takardar yaro ba ta ɗauke da sunansa balle sunan makarantarsa, mai gyara kuma bai san wanda ya biya ba.

Ƴan mata da baƙin ɗalibai

Rukuni biyu ne suka fi zubewa a wannan aji. Na farko ƴan mata. Ɗiyar da ta ci BEPC ta kai shekarun da masu neman aure ke fara sallama a ƙofar gida, wasu uwaye kuma suna ganin abin da ta samu ya isa. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu ranar 5 ga Disamba 2017 ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke cikin karatu, amma takarda ba ta shiga cikin gida ta raba aiki. Idan ɗa namiji ya dawo ya ci abinci ya ɗauki littafi, ƴar'uwarsa kuma ta dawo ta tarar da wanke-wanke da daka da rainon ƙanne har isha'i, to ba jarrabawa ɗaya suke shiryawa ba, ko da ajinsu ɗaya. Asibitocin da mata ke kukan rashin likita mace, daga irin waɗannan azuzuwan Seconde C ne likitocin za su fito, ko kuma su kasa fitowa.

Na biyu yaran karkara da aka turo birni aka damƙa wa mai masauki. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi su ne masu masaukin: ɗan ƙane daga Dakoro, ɗan aboki daga Matamai, jikan maƙwabci daga Madawa. Karɓar yaro alheri ne babba. Amma idan ya zama shi ne mai ɗebo ruwa, mai tsaron kanti ranar kasuwa, mai kai saƙo tasha da tsakar rana, ba shi da fitila ba shi da wurin zama, to an ba shi wurin kwana an hana shi abin da ya kawo shi. Amana ce, kuma mai masauki shi ne uban da makaranta ta sani.

Abin da ke hannun uwaye

Ɗan kasuwa yakan ce shi bai yi lakwal ba, ba ya jin Faransanci, me zai duba? Amma mutumin da ke riƙe lissafin bashin mutum hamsin a kansa ba zai kasa gane bambancin 6 da 12 ba. Ya nemi jadawalin darussa ya manna a ɗaki, ya san ranar da yaro ke tashi da wuri da ranar da ba ya tashi. Ya je da ƙafarsa wurin Censeur sau ɗaya kafin jarrabawar zangon farko, ba bayanta ba, ya tambayi maki da yawan fashi. Ya karɓi takardar maki daga makaranta, kada ya jira yaro ya kawo, domin takardar da ba ta da kyau takan ɓace a hanya. Idan kuma yana son yaron ya koyi kasuwa, abu ne mai kyau, amma a ba kasuwa ranar hutu, a bar wa makaranta ranakunta.

Ma'aikacin gwamnati nasa ciwon daban ne. Ya san tsarin, ya san mutane, don haka idan yaro ya kasa sai ya ɗauki waya. Yau a roƙi a ƙara rabin maki, gobe a roƙi a janye kora, jibi a nemi canjin makaranta. Yaro yana kallo, yana kuma koyon darasin da ya fi kowanne zama a kai: cewa doka ta marasa hanya ce. Ranar da ya zauna gaban takardar da sanayya ba ta aiki a kanta, ba shi da abin kamawa.

Sauran abin yana ga dare. Tsakanin magariba da ƙarfe goma ne ake gane ɗan lise na gaskiya. Fada da shayi ba laifi ba ne a daren Asabar, amma wanda ya mai da su aikin kowane dare, ko ya kwana yana latsa waya tsakanin WhatsApp da TikTok, ba zai iya da lissafin safe ba. A unguwanni da yawa ana ganin ɗalibai huɗu ko biyar sun jingina allo da bango ƙarƙashin fitila suna warware tambayoyi har dare ya raba. Galibi ƴan Terminale ne, tsoron Bak ya kama su. Da ƴan Seconde za su fara wannan tun yanzu, awa biyu kowane dare, da ba su buƙaci kwana a zaune a shekarar ƙarshe ba. Allo da alli da fitila mai aiki da hasken rana ba su kai kuɗin waya ɗaya ba, uba kuma yana iya ba da zaurensa.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya zama masanin fizik da makamashin rana da duniya ta san da shi. Maraɗi da Damagaram da Tawa kowace tana da jami'arta a yau, abin da ƴan lise na shekarun 1990 ba su samu ba. Ƙofofin sun ƙaru, sun kuma matso kusa da gida, amma mabuɗinsu bai canza ba, Bak ce, ita kuwa ba a fafe gorarta ranar tafiya. Jarrabawar zangon farko tana nan tafe a tsakiyar shekara. Uban da ya jira sai ta wuce kafin ya tambayi yadda ɗansa yake, ya bar rabin shekara ta tafi. Allah ya ba sababbin ƴan lise sa'a, ya ba uwayensu ikon sa ido.